Abin da ya sa wayar Tecno ba ta jin yaren CUDA

Duk wanda ya taso a cikin birnin Zariya ya san yadda ake ɗinkin babbar riga. Mai zane ya zana aska takwas, sannan akan raba aikin, wannan ya kama aljihu, wancan ya kama baya. Haka GPU ke aiki: ƙananan ma'aikata masu ɗimbin yawa, kowane da guntun lissafinsa, duk a lokaci guda. Shi kuwa CPU gwani ne, amma hannuwansa kaɗan ne.

Wahalar tana wajen raba aikin. Shi ya sa kamfanin Nvidia ya fitar da CUDA a 2007, tare da tarin manhajoji da aka riga aka rubuta, irin su cuBLAS na lissafin jadawalin lambobi, daga baya kuma cuDNN a 2014. Mai rubuta manhaja kiran su kawai yake yi. A 2012 aka horar da AlexNet, manhajar gane hotuna, a kan katunan GTX 580 guda biyu kacal, kuma daga nan masu harkar ƙirƙirarriyar basira suka raja'a a kan Nvidia.

To, ga inda gizo ke saƙar. CUDA ba ya aiki sai a kan kayan Nvidia. Wayoyin Tecno da Infinix da itel da suka cika aljihun samarin Ƙofar Doka galibi Mali ko PowerVR ke cikinsu. Su OpenCL da Vulkan suke ji, waɗanda ƙungiyar Khronos ke kula da su, kuma ta irin wannan hanyar TensorFlow Lite ke sa GPU ɗin waya aiki. Duk bidiyon da ya ce za a "saka CUDA a waya", ɓarnar data ce.

Saurayin da ke son koyo ba sai ya sayar da babur ya sayi katin Nvidia ba, ga shi wutar da za ta riƙe katin ma ba kullum ake samu ba. Google Colab na bayar da aron GPU kyauta, yawanci T4, ta burauza. Ana buɗe shi ko a waya, sai dai rubutu a ƙaramin allo akwai cin rai. Kuma aron na iya yankewa ba sallama, don haka a riƙa ajiye aiki a Google Drive tun kafin a yi nisa.