Tsofaffin Hotunan Masana'antu da Dalilin Tsadarsu a Wurin Masu Tarawa

Gabatarwa

A wannan maƙala zan yi bayani a kan wani nau'in hoto da ya bunƙasa a Amurka da Jamus tsakanin 1920 da 1940, wato hotunan masana'antu da injuna, da kuma abin da ya sa masu tara kayan tarihi suke rububinsu a kasuwannin gwanjo. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, ba siffar da ke cikin hoton kaɗai ake saya ba, ita kanta takardar da aka wanke shi a kai ita ce dukiyar.

Yadda Salon Ya Samo Asali

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, masu neman a ɗauki hoto a matsayin fasaha sukan dusashe shi don ya yi kama da zanen hannu. Bayan yaƙin sai wasu matasa suka juya wa wannan baya. Suka fuskanci bututun hayaƙi da tukunyar narka ƙarfe da haƙoran inji, suna fito da su tangaran, haske da inuwa kowanne a muhallinsa.

A 1927 wani kamfanin talla ya tura Charles Sheeler masana'antar motocin Ford da ke River Rouge a jihar Michigan. Ya yi kimanin mako 6 a can, ya fito da hotuna 32. A 1928 Albert Renger-Patzsch na Jamus ya buga littafi mai hotuna 100, inda ya jera tsirrai da injuna kafaɗa da kafaɗa. Ita kuwa Margaret Bourke-White ta yi suna ne da hotunan kamfanin ƙarfe na Otis a birnin Cleveland, kuma hotonta na madatsar ruwan Fort Peck shi ne a bangon fitowar farko ta mujallar Life, ranar 23 ga Nuwamba, 1936. Lewis Hine ya bambanta da su, domin shi ma'aikaci ya sa a gaba, kamar a hotonsa na 1920 na wani makaniki da ya sunkuya da ƙatuwar sifana a jikin inji.

Me Ake Nufi da Wankin Farko?

Daga fim guda ana iya wanke hoto ɗari ko dubu. Amma masu tarawa sun fi daraja wanda mai ɗaukar hoton ya wanke da hannunsa, ko aka wanke a ƙarƙashin kulawarsa, a shekarun da aka ɗauke shi. Shi nake kira wankin farko. A nan ne ake ganin irin takardar da ya zaɓa, da yawan duhu ko hasken da ya so. Wankin da aka yi bayan shekara 40, ko da daga fim ɗin asali ne, kuɗinsa ba ya kama ƙafar na farko.

Dalilan Tsada

Dalili na farko shi ne ƙaranci. Yawancin hotunan nan aikin kwangila ne, na talla ko na mujalla. Ba a wanke su da yawa ba, kuma da an gama bugawa sai a jefa su a durowa ko a kwandon shara. Bugu da ƙari, yaƙi ya ci nasa rabo: mafi yawan fina-finan Renger-Patzsch sun hallaka a ruwan bama-baman da aka yi wa birnin Essen a 1944. Sai daga shekarun 1970 ne manyan gidajen gwanjo na Landan da New York suka fara ware ranakun sayar da hotuna. Shi kansa Hine cikin talauci ya rasu a 1940.

Dalili na biyu, da yawa daga cikin wuraren da aka ɗauka an rufe su ko an rushe su, hoton ya zama shaidar da ta rage. Na uku kuma shi ne kyan tsari, domin ko wanda bai san aikin injin ba, idonsa zai tsaya a kai.

Matsalar Jabu

Inda kuɗi ya taru, algus ba ya nisa. A 1999 bincike ya nuna cewa wasu hotunan Hine da aka sayar a matsayin wankin farko suna ɗauke da sinadarin ƙara wa takarda fari, wanda ba a fara sa shi a takardar hoto ba sai a shekarun 1950, bayan rasuwarsa. Sinadarin yana ƙyalli a ƙarƙashin irin fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita. Shi ya sa gwanin saye yakan fara juya hoto ya duba bayansa: hatimi, da rubutun fensir, da tarihin hannayen da ya bi.

Kammalawa

Da tsohuwar zuma ake magani. Mu ma muna da irin wannan tarihi, kamar masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957, da ma'adinan kuza na Jos, da dalar gyaɗa ta Kano. Ba na cewa hotunansu za su yi tsadar na Sheeler, amma ƙa'idar ɗaya ce. Ina roƙon malamai da dattawanmu, duk mai irin wannan hoto kada ya manne shi da leda, kada ya yanke gefensa ko ya goge rubutun bayansa. A nisanta shi da rana da damshi da gara, a kuma rubuta sunan wurin da shekarar da mutanen da ke ciki a wata takarda daban, tun masu iya gane su suna raye.