Ƙura, Tsumma da Fentin Mota: Abubuwa 10 Masu Ban Mamaki

Da zarar hunturu ya kama, duk safiya za ka ga direbobi da masu gadi riƙe da tsumma, ana goge motoci kafin maigida ya fito. Niyyar mai kyau ce, sai dai sau da yawa garin neman gira ake rasa ido. Busasshiyar guga tana karce fenti, kuma babban mai laifin shi ne yashin da tsumman ke ja a ƙarƙashinsa. Ga abubuwa goma game da ƙura da irin ta'adin da take yi.

1. Ƙura ta fi gilashi tauri
A 1812 wani Bajamushe masanin duwatsu, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin tauri daga 1 zuwa 10, inda lu'ulu'u ke kan 10. Farcen mutum yana wajen 2.5, gilashi wajen 5.5. Ma'adinin kwaz, wanda shi ya fi yawa a cikin yashi, yana kan 7. Ƙa'idar ita ce mai tauri yana karce na ƙasa da shi. Tunda ƙwayar yashi tana iya yi wa gilashi zane, fenti da farce ma ke iya yi wa alama ba shi da ta cewa.

2. Abin da ke ƙyallin bai kai kaurin gashi ba
Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani hawa-hawa ne: na hana tsatsa, na share fage, na launi, sai na sama wanda ba shi da launi, garai-garai yake. Na saman nan shi ke ƙyalli, shi ke kare launin daga rana. Kaurinsa yakan kasance maikiron 40 zuwa 50, alhali silin gashin kai yana wajen 70. Folish kuwa ba cike karce yake yi ba, kankare saman yake har ya daidaita da gindin karcen. Saboda haka duk zuwa wurin mai folish ragi ne, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa sai da sabon feshi.

3. Zobban nan ba zobba ba ne
Tsaya gaban baƙar mota da tsakar rana, za ka ga zane-zane sun kewaye hoton ranar a kan bonet. Mutane sukan ɗauka gugar zagaye ce kaɗai ta jawo su. Akasarinsu ƙananan karce ne miƙaƙƙu, sun nufi ko'ina. Waɗanda suka yi daidai da hasken ne kawai ke ƙyallowa zuwa idonka, shi ya sa suke bayyana a kewaye. Ka matsa gefe, zobban su biyo ka.

4. Farar mota mai rufin asiri ce
Bakin karce fari yake haskawa, don haka a baƙin fenti yake fitowa ɓaro-ɓaro, a fari da ruwan azurfa kuwa ya saje. Fari ya shafe sama da shekara goma yana kan gaba a launukan sababbin motoci a duniya, kusan ɗaya cikin kowace uku. A da ba haka abin yake ba: daga 1914 zuwa 1925, kamfanin Ford baƙar Model T kaɗai yake fitarwa.

5. Ƙurar bonet ɗinka tsohon tafki ce
Kaso mai yawa na hazon da ke rufe Kano, Maiduguri da Damagaram daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi. Shekaru dubbai da suka wuce wurin gindin wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan guntunsa ne. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farin gari na ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa, ɓawon kuwa na silika ne, dangin gilashi. Iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara gudu, ta kwashi garin. Wani har ƙetare Tekun Atlantika yake yi: binciken hukumar NASA na 2015 ya ƙiyasta cewa ƙurar Sahara kimanin tan miliyan 27 ke sauka a yankin dajin Amazon duk shekara, tana yi masa taki.

6. Turawa ma sun ɗanɗana
A ƙarshen Maris na 2014 mutanen Landan suka wayi gari motocinsu sun yi butu-butu da jar ƙurar Sahara, har da motar Firaminista David Cameron. A Maris na 2022 kuma sararin Sifaniya ya koma ruwan lemo. Shawarar da ake ba masu motoci a irin wannan rana ɗaya ce: a fara da ruwa, kada a sa hannu.

7. Jirgin da toka ta goge wa gilashi
Ranar 24 ga Yuni, 1982, jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya shiga tokar dutsen Galunggung mai aman wuta a Indonesiya. Injinansa huɗu duka suka mutu kafin daga baya su sake tashi. Da aka zo sauka Jakarta, tokar ta riga ta goge gilashin gaba har ya dushe, matuƙan ta ɗan gefen da ya tsira suke leƙe. Kowa ya sauka lafiya.

8. Ƙurar wata ta fi tamu mugunta
A duniyar wata babu iska ko ruwan da za su rage wa ƙwayoyin ƙura kaifi. A Disambar 1972, 'yan sama jannatin Apollo 17 suka karya murfin tayar motarsu, ƙura ta riƙa yi musu feshi. Da taswirori da salatif suka haɗa wani murfin. Gilashin hular ɗaya daga cikinsu, Harrison Schmitt, kuwa sai da ya karce har ganinsa ya ragu.

9. "A wanke ni"
Yaron da ya rubuta wannan da yatsa a jikin ƙofa ya yi ta'adin da bai sani ba: yatsa na danna yashi a wuri ɗaya, kuma rubutun kan iya fitowa a rana ko bayan an wanke. Akwai wani Ba'amurke ɗan Texas, Scott Wade, da ya yi suna wajen zana hotuna a ƙurar motoci, amma shi a gilashin baya yake aikinsa. Tamfol ma yana karce fenti: in an rufa shi kan mota mai ƙura, iska ce za ta kwana tana yi mata guga. Waifa a busasshen gilashi kuma ita ke barin zanen bakan nan da ke kashe ido da dare.

10. Fenti mai warkar da kansa
A 2005 kamfanin Nissan na Japan ya fito da fentin da ƙananan karce ke shafewa a jikinsa da kansu cikin 'yan kwanaki, zafi kuma yana hanzarta abin. Akwai kuma mayafin roba da ake manna wa mota, wanda ruwan ɗumi ko rana ke mayar da shi sumul. Karcen da ya kai ga launi dai sai mai fenti.

To, yaya za a yi?
Ƙurar da ke zaune ba ta karce komai sai an ja ta. In ta kwana ɗaya ce, mara nauyi, dasta mai zaren auduga da aka shafa wa kaki tana ɗauke ta, muddin ba a danna ba. In ta yi kauri, ko raɓa ta jiƙa ta ta bushe, sai ruwa: a kwarara daga rufi zuwa ƙasa kafin soso ya taɓa jiki. A ajiye bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso. Tsumman taya daban, na jiki daban, wanda ya faɗi ƙasa kuma ya gama aiki sai an wanke shi. Omon wanki yana cire kakin da ke kare fenti, gara sabulun mota. In babu ruwa, a goge gilashi da fitilu da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, a bar jikin. Kashin tsuntsu ne kaɗai ba a jira da shi, domin yana cin fenti, musamman a rana: a jiƙa shi ya yi laushi, a ɗauke shi nan take.