Tsakanin Aike Da Dako: Halin Da Sabon Direban Kai Saƙo Ke Ciki A Katsina

Kwanakin baya na tsaya shan mai a wajejen Ƙofar Ƙaura, sai wani matashi ya sauko daga wata farar motar ɗaukar kaya, ya rusuna ya gaishe ni. Sai da ya ambaci shekarar da suka kammala karatu sannan na shaida shi. Ɗalibina ne, na koyar da shi ilimin ginin jimla, kuma ban manta ba yana cikin masu kaifin fahimta a ajinsu. Bayan hidimar ƙasa ya shafe shekara biyu yana zagaya ofisoshi da takardunsa, da abin ya ishe shi sai ya sayar da filin da ya gada, ya ranto ciko wurin kawunsa, ya sayi wannan mota 'yar Kwatano. Sana'arsa a yanzu ita ce karɓar saƙon mutane a Katsina ya kai Kano, ya ɗauko na Kano ya raba gida-gida a Katsina.

Na ce masa, "To madalla, yaya kasuwar?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, aiki kam akwai, ko barcin kirki ba na samu. Kuɗin ne ban san inda suke shiga ba."

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, domin ba shi kaɗai ba ne. Duk mai lura zai ga yadda matasa masu ilimi suke ta shiga wannan sana'a a birnin Dikko, wasu da babur, wasu da Keke Napep, masu ɗan ƙarfi kuma da Hayis ko a-kori-kura. Da yake kowa da kiwon da ya karɓe shi, ni ta fuskar harshe na kalli lamarin, kuma abin da na fahimta shi ne, matsalar wannan yaro ta faro ne tun daga sunan abin da yake yi.

Bahaushe yana da kalmomi biyu na ɗaukar abu daga wuri zuwa wuri a madadin wani, wato aike da dako. Tsakanin aike da aiki wasali ɗaya ne rak, amma wannan wasalin shi ne ya raba abin da ake biya da wanda ba a biya. Aike hidima ce ta girmamawa. Babba ke aiken ƙarami, kuma yaron da ya ce a biya shi kafin ya je an ga rashin tarbiyyarsa. Iyakar abin da ɗan aike ke samu shi ne tukuici, shi ma ba daga wanda ya aike shi ba, daga wanda aka kai wa ne, in ya ga dama. Dako kuwa ciniki ne tsantsa, a yi tsada kafin a ɗora kaya, a biya da an sauke. To sai dai al'ada ba ta ba ɗan dako daraja ba, ko da yake har manyan tankokin mai dako suke yi. Saboda haka matashin da ya ci digiri ba ya son a kira shi ɗan dako, sai ya fake da cewa yana kai saƙo. Da zarar ya faɗi haka kuwa, gwaggo da maƙwabci da abokin babansa sun ji abin da kunnensu ya saba ji, wato ga yaro mai ladabi wanda za a riƙa aike Kano kyauta. Da na matsa wa ɗalibin nawa da tambaya, sai ya amsa cewa a kowace tafiya akwai ƙunshi uku ko huɗu waɗanda kunya ba ta barinsa ya faɗi kuɗinsu.

Kada mai karatu ya zaci babu kasuwa. Kasuwar tana nan, kuma ta girmi motar da ake yin ta da ita. A ƙarshen shekarun 1960 wata Baturiyar Ingila masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, wadda yau birnin Katsina ya kusa haɗiye ta, ta yi nazarin yadda matan aure ke saye da sayarwa daga cikin ɗakunansu ba tare da sun taka kasuwa ba. Ta kira abin ɓoyayyen ciniki, kuma ta nuna cewa yara ne ƙafafun wannan ciniki, su ke kai kaya su karɓo kuɗi. Littafinta mai suna Rural Hausa ya fito a 1972. Yau jikokin waɗannan mata suna nan suna cinikin, illa dai farantin talla ya koma WhatsApp da Instagram, hajar kuma ta zama atamfa da leshi daga Kantin Kwari, da turaren wuta da humra da kayan ɗaki. Yaran da ake aika a da suna makaranta, ko da ma suna gida ba za su iya kai leshi Daura ko Funtuwa ba. Wannan gurbi ne direban kai saƙo ya zo cikewa. Bugu da ƙari, tun da layin dogo ya isa Kano a 1911 bai biyo ta birnin Katsina ba, kusan duk abin da ya shigo garin a kan taya ya shigo. A Fabrairun 2021 ne aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi wanda aka tsara zai ratsa ta Katsina, amma ko jirgi ya fara zirga-zirga ba zai kai wa kowa kaya ƙofar gida ba.

Abin da sabon shiga ba ya lissafawa shi ne, ya tarar da masu wurin. A kowace tashar mota akwai tsarin da ake kira webil, kalmar da muka aro daga Ingilishi muka lanƙwasa ta. Ka kai ƙunshinka, ka ba direba ko ɗan kamasho, a rubuta lambar wayar mai karɓa a jikin kwali, shi ke nan. Direban haya yana iya karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, domin fasinjojinsa sun riga sun biya masa kuɗin mai, ƙunshin kuwa a ƙarƙashin kujera zai kwana, duk abin da ya samu a kai riba ce. Shi kuwa mai motar saƙo kayan ne fasinjojinsa. In ya ce zai yi gasar araha da tasha, to ya ɗauko faɗan da ya fi ƙarfinsa. Abin da zai sayar shi ne abin da tasha ba ta bayarwa. Matar aure ba za ta je tasha bayan isha'i jiran mota ba. Mai kantin magani a Babbar Kasuwa ba ya son a danne masa kwali da buhun masara. Kuma in kaya ya ɓata a tasha, sau da yawa maganar takan ƙare ne a kan a yi haƙuri. Wanda zai zo gida ya ɗauka, ya kai hannu da hannu, ya kuma tsaya a kan cewa in ya salwanta shi ne da biya, wannan ya cancanci kuɗin da ya fi na tasha, kuma bai kamata ya ji nauyin faɗinsu ba.

Mu ɗan taɓa lissafi, ko da yake ba fagena ba ne. Daga Katsina zuwa Kano ta Charanchi da Kankiya da Tsanyawa da Bichi kimanin kilomita 170 ne, zuwa da dawowa 340 ke nan. A ƙaddara motar tana cin lita ɗaya a kowane kilomita 10, to lita 34 za ta sha, ban da yawon da za a yi cikin cunkoson Kwari da Singa da Sabon Gari. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da aka sanar da janye tallafin mai, farashin gwamnati bai kai naira 200 a kan lita ba. Zuwa ƙarshen 2024 ya haura naira 1,000. A wannan farashi tafiya ɗaya ta ci naira 34,000 kafin a ɗora ko allura. Wannan shi ne kuɗin da ake gani. Akwai kuma wanda ba a gani, domin kowace tafiya taya na cinyewa, birki na cinyewa, lokacin juye na matsowa, injin kansa yana tsufa. Duk wanda ya cire kuɗin mai da yamma ya ɗauki ragowar a matsayin riba, to motarsa yake ci da kaɗan-kaɗan, kuma ba zai farga ba sai ranar da bakanike ya aike shi Ƙofar Ruwa neman giya sabuwa alhali aljihu babu komai. Direban da ke tuƙa motar wani ya san dole ya kai balas kullum. Mai motar kansa ma wajibi ne ya riƙa kai wa motar balas, ya ware shi inda hannunsa ba zai kai ba ranar suna ko biki. Haka nan tafiya da kaya a dawo wayam asara ce tsagwaronta, don haka kafin a tayar da mota daga Katsina ya kamata a san abin da za a ɗauko.

Sai kuma babbar magana, wadda ta fi asarar kuɗi. A tarbiyyarmu ɗan aike ba ya buɗe saƙo, buɗewa cin amana ne. To amma jami'in da ya tsayar da mota a kan hanya bai san wannan ladabi ba, wanda ya gani riƙe da sitiyari shi zai fara tambaya. Hukumar NDLEA ta sha bayar da sanarwar kama ƙwayoyi da aka ɓoye cikin kayan webil a motocin haya, kuma ko da daga baya gaskiya ta yi halinta, kwanakin da mutum zai yi a tsare da motarsa sun isa su karya ƙaramin jari, ga kuma zubewar mutunci a garin da kowa ya san gidan kowa. Ɗan dako bai taɓa jin kunyar tambayar abin da ke cikin buhu ba, domin da nauyinsa zai yi tsada. A nan ma ɗabi'ar dako ce mafita, a buɗe kaya a gaban mai shi, a ƙirga, a rubuta sunansa da lambarsa da ƙimar kayan, ya sa hannu. Wanda ya ce nasa ba a buɗewa, a ba shi haƙuri ya nemi wata motar, ko da kuwa ɗan'uwa ne. Ya kamata kuma a sani cewa ƙaramar inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota, wanda aka buge take karewa, ba ta biyan kayan da ke cikin motar.

Akwai abubuwan da ba sa hannun direba, kuma Katsina ta ɗanɗana su fiye da jihohi da yawa. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta kuma hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme saboda 'yan bindiga. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ba a maido ba sai a Disamba, alhali sana'ar kai saƙo kacokan a kan waya ta dogara. Iyakar Jibiya, ƙofar Maraɗi, an rufe ta a Agustan 2019 sai a Afrilun 2022 aka buɗe, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Wanda ya gina kasuwarsa a kan hanya guda ya ga ta kansa a waɗannan lokuta.

Ta fuskar hukuma kuwa, ban da takardun mota da na tuƙi, doka ta ba Hukumar Gidan Waya, NIPOST, ikon ba da lasisin wannan sana'a. A Yulin 2020 ta fito da sabon farashi, naira miliyan 2 ga mai aiki a jiha guda, miliyan 1 ga mai aiki cikin gari, 250,000 ga ƙananan masu sana'a, har sai da jama'a suka yi ca sannan Ministan Sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ba da umarnin dakatarwa. A ganina wanda ya tsara wancan farashi bai taɓa zama da yaron da ya sayar da gadonsa ya sayi mota ɗaya ba.

Wani zai ce mafita ita ce a shiga inuwar babban kamfani, a riƙa yi masa rabon kaya da motar kai. Ban hana ba, amma a karanta yarjejeniyar da kyau. A 2019 Ken Loach na Ingila ya fitar da fim mai suna Sorry We Missed You, labarin wani magidanci a birnin Newcastle da ya sa aka sayar da motar matarsa don ya mallaki motar rabon kaya. Kamfanin ya lakaba masa sunan mai zaman kansa, amma kamfanin ke yanka masa lokaci da hanya, ranar da bai fito ba kuma a ci shi tara. Riba ta kamfani, asara tasa. Mu masu nazarin harshe mun daɗe da sanin cewa suna mai daɗi ba ya sauya abin da aka raɗa wa shi.

Kusan duk waɗannan na faɗa wa ɗalibin nawa a tsaye a gidan man, har na bayanmu suka fara matsa oda. Bayan wata uku sai bukata ta kama ni ta aika wa wani abokin aikina littattafai a Kano, na kira shi. Ya zo har gida, da na tambayi kuɗi sai ya ja da baya ya ce, "Haba Malam, ai ni mai yi maka fiye da haka ne, wallahi ba zan iya karɓar kuɗinka ba." Na ce masa, "Ashe karatun bai zauna ba. Ni ba aikenka zan yi ba, dako na kira ka. Ina littafin naka?" Ya yi dariya, ya koma mota ya ɗauko wani littafi mai bangon kwali wanda ya riga ya ci rabi. Ya yanke igiyar kwalin a gabana, ya ƙirga littattafai 14, ya rubuta, ya faɗi kuɗinsa yana kallon ƙasa, na biya na sa hannu. Washegari da la'asar aka bugo mini waya daga Kano cewa saƙo ya iso, 14 cif.