Magani Kan Magani a Gindin Dutsen Uhudu

Dutsen Uhudu yana arewa da Masallacin Annabi (S.A.W.), tafiyar kamar kilomita 5. Da wuya alhaji ya sauka Madina bai kai ziyara can ba, inda Sayyidina Hamza da shahidai wajen 70 ke kwance tun shekara ta 3 bayan Hijira, watau 625. Da yawa cikin maziyartan dattawa ne, waɗanda suka taso daga Kano ko Maraɗi da maganin hawan jini a jaka. Sukan hau tudun maharba cikin zafin da kan haura digiri 40 da bazara, su sauko gwiwa na ciwo, sai a biya kantin magani a sayi ibuprofen ko diclofenac.

To, a nan fa haɗarin yake. Maganin hawan jini irin su lisinopril yakan sassauta jijiyar da ke fitar da jini daga matatar ƙoda. Maganin sa fitsari, wanda likitoci kan haɗa da shi, yakan rage ruwan jiki. Shi kuwa ibuprofen, ƙuntata hanyar da jini ke shiga matatar yake yi. Ƙoda mai lafiya takan jure kowanne shi kaɗai. Amma in ukun suka taru a jikin da gumi ya riga ya tsotse, aikinta na iya durƙushewa cikin 'yan kwanaki. Mai shan warfarin kuma, watau maganin tsinka jini, aspirin ko ibuprofen na iya jawo masa zubar jini a ciki.

Ko paracetamol, wanda ya fi dacewa da irin waɗannan mutane, yana da iyaka: kada babba ya wuce giram 4 a yini. Magungunan mura da dama suna ɗauke da shi, sai mutum ya ninka bai sani ba.

Binciken kansa ba wuya. Sunan kasuwa yakan bambanta tsakanin Nijeriya da Saudiyya, saboda haka ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashinsa, sunan ainihin sinadarin, shi ake dubawa. Gara alhaji ya kwashi kwalayen duka, har da na gargajiya da wanda abokin ɗaki ya sam masa, ya nuna wa likitocin Hukumar Alhazai a Madina, ko mai harhaɗa magani, kafin ya haɗiya. Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ma tana da lamba 937, wadda ake bugawa dare da rana don neman shawarar likita.