Dundumi da shaidar da ido ke bayarwa da kansa

Wanda ya leƙa rijiyar Kusugu ta Daura da rana tsaka, baƙi kawai zai fara gani, sai ya ɗan jima kafin cikinta ya fara bayyana masa. Hasken rijiyar bai ƙaru ba, idonsa ne ya sauya. A can ƙarshen ƙwayar ido akwai wani siririn tantani, ratina a bakin likitoci, mai ƙwayoyin karɓar haske iri biyu: na rana da launi, kusan miliyan 6, da na dare, wajen miliyan 100, masu bukatar kamar rabin sa'a kafin su gama sabawa da duhu. Mai dundumi, waɗannan na daren ne suka gaza masa. Matsalar ita ce idonsa garau yake a waje, babu ja, babu yana, shi ya sa ake ce masa raki ne ko tsufa. Wannan hukunci na duban waje shi ya kamata mu daina, domin an daɗe da gano hanyar jin ta bakin tantanin.

A 1865 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Frithiof Holmgren, ya haska idon kwaɗo, ya ga allurar ma'aunin lantarki ta motsa. Wato ido na mayar da haske saƙon lantarki kafin ya aika wa ƙwaƙwalwa. A 1908 wasu masana, Einthoven da Jolly, suka rarrabe igiyoyin wannan saƙo, sannan Ragnar Granit ya bi diddigin sassansa a idon kyanwa a 1933, ya kuma samu kyautar Nobel a 1967 tare da Hartline da Wald. Abin mamakin da bincike ya tono daga baya shi ne, ƙwayoyin karɓar haske a cikin duhu suka fi kwararar da lantarki, haske rage shi yake yi, raguwar ce saƙon. Daga binciken su Holmgren aka samu gwajin ERG, mai auna lantarkin tantanin ido. Ana zaunar da mutum cikin duhu aƙalla minti 20, a ɗora siririn zare ko gilashi a kan ido, a walƙa haske, na'ura ta zana amsar. Layin da ya fara nutsawa ƙasa na ƙwayoyin karɓar haske ne, wanda ya biyo baya ya haura sama kuwa na ƙwayoyin da ke miƙa saƙon gaba ne.

Wani zai ce ba zai yarda a sa masa wuta a ido ba. Ai ba a sa komai: lantarkin na idon ne, na'urar saurare kawai take yi, kuma ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na batirin tocila ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa wannan gwajin 'yan gata ne, alhali yanar ido ce ke makantar da talaka. Suna da hujja. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce ta haddasa kusan kashi 43 na makantar. Ba wanda zai ce a sayi na'urar ERG a kowane ƙaramin asibitin masarautar Daura kafin a samar da likitan da zai cire yana. Sai dai ko a aikin yanar ma gwajin na da rana: idan ta yi kauri har likita ba ya hango bayan ido, amsar lantarki na iya nuna ko tantanin na raye, a san ko aikin zai dawo da gani. Haka jariri, wanda ba zai karanta allon haruffa ba, idonsa zai yi magana a madadinsa.

Dundumi kuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan sakaci ya fi yin ɓarna. Akwai na ƙarancin sinadarin bitamin A, wanda da shi ƙwayoyin dare ke haɗa abin kama haske. Wannan yana warkewa, kuma rigakafinsa na kasuwa: hanta, ƙwai, manja, zogale, karas, da ɗigon bitamin A da ake ba yara. Akwai kuma na gado, inda ƙwayoyin dare ke mutuwa a hankali, gani ya riƙa tsukewa daga gefe. Auren zumunta na ƙara yiwuwar wasu nau'o'insa, kuma ERG kan nuna shi tun kafin likita ya ga wata alama a bayan ido. Yawancinsa ba shi da magani tukuna, amma sani na hana a sayar da gona a kan tozalin masu talla, yana kuma ba iyali damar neman shawara kafin ɗaura aure.

Saboda haka yaron da ke tuntuɓe ko lalube bayan magariba, kada a yi masa faɗa, a kai shi sashen ido na asibiti mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, a nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko Asibitin Ido na ECWA a Kano.