Duwatsun Murhu Uku a Bakin Tafkin Kainji

Kowace mace a Yelwa ta san tukunya ba ta zama kan dutse biyu. Sai uku, kuma su zo daidai, in ba haka ba miya ta tuntsure. To, haka binciken malaman jami'a yake idan gwamnati za ta ɗora babban girki. Akwai masu lissafin yadda Allah Ya tsara ruwa da wuta da haske, wato masana fiziks. Akwai masu lissafin kasuwa, masana tattalin arziki. Akwai kuma masu nazarin zaman jama'a. Mu mutanen ƙasar Yauri mun ga wannan girki da idonmu, don a ƙofar gidanmu aka ɗora tukunyar Kainji, daga 1964 zuwa 1968.

Mu fara da dutsen da ya fi ba mutane dariya. Mutum ya zauna da alli da allo shekara da shekaru, ba ya ƙera ko allura, a ce wai aiki yake! Amma wanda ya taɓa hawan tsohon keke mai fitila ya riga ya riƙe sirrin Kainji a hannunsa. Ka tuna ɗan ƙarfen nan mai siffar kwalba da ke gugar taya? In ka taka da ƙarfi fitila ta haska, in ka sassauta ta yi ja. Mayen ƙarfe ne ke juyawa cikin naɗin waya. Wani Bature a Ingila, Michael Faraday, shi ya gano haka a 1831, sannan James Clerk Maxwell ya zo a shekarun 1860 ya ɗaure maganar da lissafi a takarda. Madatsar Kainji wannan keken ce, sai dai kogin Kwara ne ke taka feda, ba dare ba rana, da injina takwas da aka tsara su ba da megawat 760. Aikin irin waɗannan malamai shukar giginya ne: mai binne ƙwallon ba shi zai sha inuwar ba, jikoki ne.

Ko ruwan kansa sai da aka karanci halinsa, ko da yake masunta Sarkawa sun riga kowa sani. Sau biyu kogin ke cikowa a shekara. Farin ruwa, mai laka, na daminarmu ne. Baƙin ruwa kuwa bafatake ne: a duwatsun Gini ya ɗaura kaya, ya yada zango a fadamun Mali ya sauke lakarsa, sai da sanyin hunturu yake isowa nan, garau da shi. Da cikowar nan biyu ake lissafin yaushe za a tare, yaushe za a saki.

Dutse na biyu na kasuwa ne. Da tafki ya cika, kifi ya yi ambaliya, masunta suka kwararo daga ko'ina, amma kafin shekarun 1970 su ƙare kamu ya faɗi ƙwarai. Duk wanda ya taɓa cin tuwo akushi ɗaya da samari goma ya san dalili. Ba mai jira ya huce, don in ka jira, na kusa da kai ba zai jira ba. Masunci ya san tarunsa mai ƙananan idanu yana kwashe 'ya'yan kifi, amma in ya bari, wani zai kwashe. Masana sun daɗe suna cewa maganin akushin taro biyu ne kawai, ko a raba wa kowa kwanonsa, ko a tsayar da ɗan sanda a kai. Sai wata Ba'amurkiya, Elinor Ostrom, ta tattara labarin masunta da makiyaya da manoman rani na ƙasashe da yawa, ta nuna akwai na uku: babban yaya a bakin akushi, wanda kowa ke jin kunyarsa, da doka wadda masu ci suka yanka da kansu. Ta samu kyautar Nobel a 2009. Wannan babban yaya, mu nan Sarkin Ruwa muke ce masa. Shi ya sa a shekarun 1990, da aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya zo tare da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, ya ƙirga jirage da taruna, bai tsallake sarakunan ruwa ba wajen maganar lasisi da hana taru mai shara.

Dutse na uku shi ne ya zo gajere. Mutum kimanin 44,000 aka tayar. Tsohuwar Busa ta nutse, Gungawa suka bar tsibiransu da gaɓar da suke ban-ruwan albasa da ƙwarya. An gina musu gidajen siminti, a jere, tsaf a ido. Amma tela ne ya ɗinka riga bai auna mai ita ba. Gida a wurinmu ai ba ɗaki ba ne kawai, akwai rumbu, akwai turke, akwai inda ɗa zai kafa nasa ɗakin in ya yi aure, akwai nisan gona da ruwa. Littafin da Akin Mabogunje ya tattara kan zaman jama'ar Kainji ya fito a 1973, Frank Salamone ya zauna a Yauri a waɗancan shekarun yana nazarin yadda rayuwar Gungawa ta sauya, amma lokacin an riga an yanka yadi. Har yau akwai ƙauyukan bakin tafki da ke kwana a duhu, wutar ruwansu tana haska birane. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Kada a ɗauka bincike sana'ar baƙi ce. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya bi sawun fataken Hausawa har Gwanja, ya fitar da littafinsa a 1978, kuma Yauri zango ce a wannan hanyar goro. Ya riƙe jami'ar Sakkwato daga baya.

Saboda haka in ɗalibi ya zo tashar jiragen ruwa ko kasuwar albasa da takardar tambayoyi, kada a kore shi, kada kuma a gaya masa abin da yake so ya ji. Mudu yake awo, in an cusa masa ƙaiƙayi, ƙaiƙayi gwamnati za ta tuƙa mana. A faɗa masa gaskiyar kamu da farashi da bashin da ke wuyan masunci. Sannan a ɗora masa sharaɗi ɗaya: in ya gama, ya dawo zauren mai gari ya karanta mana abin da ya samo, da Hausa, mu ce masa nan ka yi daidai, nan ka zarce.