Rawar Natsuwa Ga Dattawa Masu Ciwon Sukari Da Ƙoda

Kowace ƙoda tana ɗauke da 'yan matatai kimanin miliyan ɗaya masu tace jini. Idan sukari ya daɗe yana da yawa a jini, sai ya riƙa lalata su sannu a hankali, hawan jini kuma ya ƙara ɓarnar, har ta kai mutum ga wankin ƙoda.

Motsa jiki na cikin abubuwan da ke rage sukari da hawan jini. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da su motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, tare da atisayen da ke kare su daga faɗuwa. To, amma dattijon da ƙodarsa ta raunana ba shi da ƙarfin gudu. Abin da ya dace da shi shi ne rawar natsuwa, wato taku a hankali, hannuwa na bin kiɗa, hankali kuwa na kan numfashi. Tsokar da ke aiki tana janye sukari daga jini, mai lura da jikinsa kuma yakan ji jiri ko karkarwa tun kafin su kayar da shi.

Sai dai a fara neman izinin likita. Mai yin allurar insulin ya riƙe ƙwayar sukari a aljihu, ba dabino ko ayaba ba, domin suna da sinadarin fotashiyam wanda rarraunar ƙoda ba ta iya fitarwa sosai. A sa takalmi, a duba ƙafa bayan rawa. Mai tsoho a gida ya tashi ya taka tare da shi.